Rabon gadon Baba

Baba ya rasu a tsakiyar watan Disamba na 2022, cikin sanyin hunturu, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Da hantsi aka sallace shi a ƙofar gida. Kafin a ɗauki makara sai Baffa, ƙanensa, ya ɗaga murya kamar yadda aka saba, ya ce duk mai bin mamacin bashi, ko wanda mamacin yake bi, ya zo ya same shi ko ya sami wannan yaron. Da ya ce "wannan yaron" ni ya nuna. Ban san an yi wannan shawarar ba. Daga baya na ji dalili: tunda ni nake koyar da lissafi a sakandare, ni zan riƙe biro. Allah ya yafe mini, a cikin wannan baƙin cikin har na ɗan ji kaina ya kumbura, don a ganina rabon gado bai wuce lissafin da nake koya wa 'yan aji ɗaya ba.

Gidanmu yana cikin birnin Kano, ba nisa da dutsen Dala. Baba ya yi sama da shekara 40 yana sayar da turare da carbi da huluna a Kasuwar Kurmi. Ya bar mata biyu: Hajiya, uwargida, da Umma wadda ta haife ni. Mu 'ya'yansa da muke raye mu goma ne, maza 4, mata 6. Akwai na goma sha ɗaya, Yaya Babba, ɗan farin Hajiya, wanda ya rasu a haɗarin mota a hanyar Zariya a 2019. Ya bar matarsa da yara uku a sashen da ya gina da kuɗinsa a bayan gida.

Bayan sadakar uku Malam Liman ya kira ni da Baffa zaurensa. Na je da littafi har na riga na ja layi na rubuta sunayen magada. Ya duba, ya rufe littafin, ya miƙo mini.

"Ka yi gaggawa, malamin boko," in ji shi. "Abu huɗu ne a jere. Kuɗin sutura, sannan bashi, sannan wasiyya in akwai, ita ma kada ta wuce sulusi, sannan abin da ya rage shi ne gado. Kai ka fara daga na huɗu."

Na ce, "Allah gafarta Malam, na ɗauka a fara sanin rabon kowa."

"Rabon kowa a cikin me? Ka san abin da yake nasa da wanda ba nasa ba?"

Sai kuma ya ce a tura Gwaggo ta tambayi matan ko akwai mai ciki a cikinsu, don in akwai, ba a rabo sai an haihu. Gwaggo ta shiga ta isar da saƙon Malam kamar yadda aka ba ta. Umma, wadda autarta take da shekara 14, ta rufe fuska da mayafi ta ƙyalƙyale da dariya. Dariyar farko ke nan da aka ji a gidan tun rasuwar.

Ranar bakwai muka buɗe akwatin ƙarfen da yake ƙarƙashin gadon Baba, a gaban Baffa da Gwaggo da Yaya, wanda yanzu shi ne babba a maza. A ciki akwai takardar gida, takardar cinikin wani fili da ya saya wajen Janguza tun wurin yana daji, da wani littafi mai jan bango wanda turare ya jiƙa gefensa. Ƙarƙashin littafin kuma ƙunshin kuɗi ne guda bakwai, kowanne a leda, an ɗaure da roba, an saƙala 'yar takarda mai rubutun ajami. Ƙanena mai bi mini ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe tsoho ya yi tanadi." Baffa bai ce komai ba, ya ɗauki ƙunshi ɗaya yana juya takardar.

Ajamin Baba ba shi da wasali, kuma hannunsa ya karkace da tsufa. Ni da na yi sauka ina ɗan shekara 15 na kasa karanta rabinsa. Dole muka kira maƙwabcinmu Baba Tela, abokinsa tun makarantar allo. Ya sa tabarau, ya karanta takarda ta farko, sai ya cire tabarau ɗin ya share ido da hannun riga. Sunan wata bazawara ce a lungunmu. Ta biyu, ladanin masallaci. Ta uku, wani mai gyaran takalmi ɗan Damagaram. Duk bakwai ɗin babu ko sisin Baba a ciki. Ajiya ce mutane suke kawo masa, waɗanda ba su da asusun banki, ko suke tsoron 'ya'yansu, ko suke tsoron kansu. Mun zauna da mutumin nan gida ɗaya duk rayuwarmu, babu wanda ya san shi ne bankin unguwa. Hajiya ce kaɗai da aka gaya mata ta ce, "Ai na ga ana shigowa ana fita, ban tambaya ba."

Matsalar ita ce lokacin. A ranar 15 ga Disamba aka fito da sabbin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, kuma duk ƙunshin nan tsofaffin kuɗi ne. Shida daga cikin masu ajiyar mun same su cikin kwana biyu. Biyu suka karɓi abinsu. Huɗu suka ce su ina za su kai? Haka na kwashi kuɗin mutane, Baffa da Baba Tela suka shaida adadin kowa, na je na bi layi a banki. Kwana biyu ina fita bayan asuba ina dawowa da la'asar kafin na samu na zuba su a asusuna. Zuba su ya fi fitar da su sauƙi. Aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu, sabbin kuɗi suka ɓace, masu POS suna karɓar abin da suka ga dama a kan kowace dubu goma. Bazawarar nan ta zo neman dubu biyar daga cikin kuɗinta don ta sayi magani, na kasa ba ta sai da na je na ranto a wurin mai kantin bakin titi na yi masa taransifa. Kuɗinta ne, amma ni nake jin kunya kamar na ci. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Da na sani da na bar su a ledarsu. Amma wa ya sani a lokacin?

Ƙunshi na bakwai shi ya fi ba ni wahala. Naira 63,500 ne, yawancinsu 'yan ɗari biyu-biyu da suka yi laushi kamar tsumma, kuma abin da takardar ta ce kawai shi ne "mai koko". Masu koko biyu ne a unguwarmu. Na je wurin ta farko, na gaishe ta, na zagaya na zagaya sannan na tambaya ko ta taɓa ba Baba ajiya. Ta ce a'a. Ta biyu ta ce, "Ɗan nan, da ina da abin ajiyewa da ka gan ni a bakin wutar nan?" A watan da mutane suke kwana da yunwa saboda rashin tsabar kuɗi, matan nan biyu babu wadda ta ce bari ta tuna. Ita ta biyun ce ma ta ce akwai wata tsohuwa da ta daina sana'ar tun kafin korona, ta koma wurin 'yarta a Kurna. Na yi Asabar uku ina yawo a Kurna kafin wani yaro mai tallan ƙosai ya kai ni gidan.

Na same ta a kan tabarma, ido ya yi rauni. Da na faɗi ko ni ɗan wane ne, na kuma gaya mata ya rasu, ta yi salati ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta faɗi adadin kuɗin daidai, har ɗari biyar ɗin. Ta ce na likkafaninta ne da na masu haƙa kabari, ba ta son ranar ta zo a tsaya ana karo-karo a kanta. Na ce, "Iya, to ga shi zan kawo miki." Ta ce, "Ka kawo mini in sa a ina? A gidan nan? Shi da ya riƙe mini ya tafi, kai da ka neme ni har nan sai ka ci gaba da riƙewa." Na so in yi gardama, na ga babu fuska. Har yau kuɗin suna wurina, kuma na rubuta sunanta na gaskiya a littafin, da boko, da lambar wayar 'yarta.

Shi kuwa littafi mai jan bango, dare goma muka yi a kansa ni da Baba Tela. Bashin da ake bin Baba ba shi da yawa: wani dila da yake kawo masa turaren wuta daga Maiduguri, da ragowar kuɗin wani magini. Muka biya daga kuɗin rumfa. Wani mutum ya zo ya ce yana bin Baba dubu 200, ba takarda ba shaida, kuma babu sunansa a littafi. Malam Liman ya ce da'awa a kan mamaci sai da hujja, kuma ko an kawo hujjar sai an haɗa da rantsuwa. Mutumin ya ce zai je ya dawo. Muna nan muna jiransa.

Waɗanda Baba yake bi su ne suka cika shafuka. Da yawa ya ja musu layi ya rubuta "na yafe" a gefe. Waɗanda bai ja wa layi ba, Malam ya ce yanzu haƙƙin magada ne, ba ni da ikon yafewa a madadin kowa. Wannan aikin ban so shi ba ko kaɗan. Ka je ka tsaya a ƙofar mutumin da ya ɗauki makarar ubanka jiya, ka ce masa akwai dubu takwas? Wasu na je, wasu na kasa, na biya daga aljihuna na yi shiru. Akwai kuma wanda ya zo da kansa, wani dattijo daga Fagge da babu shi a littafin sam. Ya ce a 1998 Baba ya ranta masa naira 3,000 ya sayi ragon suna, kuma duk lokacin da ya kawo sai Baba ya ce ya bari sai ya ƙara samun sarari. Tambayarsa ita ce dubu uku zai biya ko kuɗin rago na yau? Malam ya ce abin da ka ranta shi ne a kanka, in ka ƙara don kanka kyautatawa ce. Washegari ya aiko ɗansa da rago a adaidaita sahu. Yaron da aka yanka wa ragon farko ne ya kawo shi, da gemunsa.

Wasiyya ba mu sami ko ɗaya a rubuce ba.

Daga nan sai yi wa dukiya kuɗi. Baffa ya ce a kira dillalai uku, kowa ranarsa daban, kada wani ya ji abin da wani ya faɗa, sannan a ɗauki na tsakiya. Gida ya tashi miliyan 21, ban da ginin sashen Yaya Babba. Filin Janguza miliyan 6 da rabi. Gonar da take ƙauyen kakanninmu a ƙasar Bichi miliyan 3. Kayan rumfa da abin da ya rage na kuɗi bayan biyan bashi, wajen miliyan ɗaya da rabi. Jimilla miliyan 32.

Dillali na biyu ne ya tsaya a zaure yana auna shi da taku. Ya ce in nasa ne, rushe wannan zai yi ya fitar da shaguna uku, ya toshe rijiyar da take gefe, haya kaɗai ta riƙe gidan. Baba Tela yana zaune a kan dakali yana jin sa. A zauren nan ake ciyayya tun kafin a haife ni. Bayan magariba kowane gida a lungun zai aiko da kwanonsa, mai tuwon shinkafa da mai tuwon dawa da wanda ranar sai ɗanwake, a jera a tsakiya, kowa ya sa hannu a na kowa, kuma ba a tambayar wane kwano daga wane gida ya fito. Wanda ranar ba a ɗora tukunya a gidansa ba, shi ma zai zo ya zauna, babu mai ganewa, ko kuma kowa ya gane ya yi kamar bai gane ba. Abin da ya rage na almajirai ne. Rijiyar kuwa, duk lokacin da famfo ya ɗauke, wato kusan kullum, daga ita rabin lungun suke sha. Baba Tela bai ce wa dillalin uffan ba. Da ya tafi ne ya dube ni ya ce, "Shi ma da gaskiyarsa, shaguna uku za su fita." Ya tashi ya shige gida. Ranar bai zo ciyayya ba.

Ba mu zauna rabo ba sai da iyayenmu mata suka fita takaba, wata huɗu da kwana goma, wanda ya zo daidai da ƙarshen azumi. Aka yi ƙaramar Salla ranar Juma'a 21 ga Afrilu, muka sa Asabar ta mako mai zuwa. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, maza gefe mata gefe, Malam Liman da mai unguwa a kan darduma. Malam ya buɗe da addu'a, ya karanta aya ta 11 da ta 12 a Suratun Nisa'i, ya fassara, sannan ya ce in karanto.

Lissafin bai ɗauke ni minti biyar ba. Iyayen Baba sun daɗe da rasuwa, don haka babu sudusinsu. Matan aure suna da tumunin takaba, ɗaya bisa takwas, su raba biyu. Ragowar na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Da aka kasa dukiyar kashi 16 sai komai ya zauna ba ɓurɓushi: Hajiya ɗaya, Umma ɗaya, kowace 'ya ɗaya, kowane ɗa biyu. Kashi ɗaya miliyan 2. Baffa da Gwaggo ba su da komai tunda akwai 'ya'ya maza, kuma sun san haka tun kafin su zauna.

Sai Malam ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, 'ya'yan marigayi Yaya Babba ba su da gado a nan, domin mahaifinsu ya riga kakansu rasuwa kuma baffanninsu suna raye. Kowa ya san hukuncin. Jin sa a fili ne daban. Babban yaron, ɗan shekara 13, yana tsaye a bakin ƙofar sashensu riƙe da butar da aka aike shi ya cika. Ginin nasu ne, amma ƙasar da ginin yake kai ta Baba ce, ta shiga rabo. In aka sayar da gidan, sai dai a ba su kuɗin bulo da kwano su nemi wani wuri.

A nan ƙanena ya ce shi dai a sayar kowa ya kama gabansa. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma na san halin da yake ciki: shekara shida yana tuƙa adaidaita sahun wani yana kai balas kullum, yana son ya sayi nasa. Mai unguwa ya ce, "In an sayar, tsofaffin nan biyu fa?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban hana kowa zama ba, haƙƙina nake nema." Malam ya ce gaskiya ya faɗa, ba a tilasta wa magaji ya bar rabonsa a cikin tarayya. Na ji haushinsa a ranar, amma ban ga laifinsa ba ko a lokacin. Na san gidaje a unguwarmu da aka ce a bar gado saboda zumunci, aka shekara talatin, yanzu jikoki ne suke sintiri a kotu ba sa gaisawa. Gara a yi ɓacin ran yau, masu shaida suna raye.

Duk wannan abin Hajiya ba ta ɗaga kai ba. Yaya Babba ɗan farinta ne. Tunda nake ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, yana raye ko bayan ransa, sai dai ta ce "wancan" ko "yaron nan". Ranar da aka kawo gawarsa ma a ɗaka ta yi kukanta. Matar da alkunya ta hana ta kiran sunan ɗa, ta yaya za ta buɗe baki a gaban mai unguwa ta roƙa wa 'ya'yansa? Tana ta jan carbi, yatsunta suna rawa.

Umma ce ta yi magana. Mutanen nan biyu sun yi shekara 34 suna kishi, na ga ranar da suka yi wata guda ba sa ga maciji a kan tukunyar miya. Ta gyara mayafi ta ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana. Yaran nan a gidan nan aka yanke musu cibiya. Ni ba zan ci kuɗin ƙasar da suke kwana a kai ba. A cire daga nawa." Sannan ta juya ta kalli ƙanena, ba ta ce masa komai ba, kallo kawai, irin wanda muka sani tun muna yara.

Malam ya ce a bi abin a hankali, akwai gado cikin gado. Lokacin da Yaya Babba ya rasu, Baba yana da sudusi a dukiyarsa, har da ginin, Hajiya ma haka. In Baba bai bar nasa ba, wannan sudusin ma ya shigo rabonmu. Ban taɓa tunanin wannan ba, ni mai biro. Baba Tela ya ce shi ya ji da kunnensa, a zaure, ranar arba'in ɗin marigayi, Baba ya ce "nawa na bar wa yara". Baffa ya ce shi ma yana wurin. Shaidu biyu, kuma yaran suna cikin ginin tun lokacin, don haka kyauta ta tabbata. Aka tambayi Hajiya nata sudusin. Ta ɗaga hannu kawai ta yi alamar a bar shi.

Kafin a ci gaba Gwaggo ta ce ba ta yarda a tambayi 'yan mata ra'ayinsu a gaban 'yan'uwansu maza ba. Ta ce lokacin da aka raba gonakin mahaifinsu, a irin wannan zaman aka ce mata "ke ai kin bar wa 'yan'uwanki ko?" ta ce e don kunya, kuma yau shekara 40 ke nan ba ta ga ko damin dawa ba. Baffa ya sunkuyar da kai. Ta kwashi 'yan'uwana mata zuwa ɗakinta na da, tana shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Da ta fito ta ce uku suna son kuɗinsu a hannu, biyu sun ce a bar nasu a cikin gida, Auta kuma yarinya ce, nata yana nan inda uwarta take. Ban tambayi dalilin kowa ba. Ɗaya dai na san mijinta ba shi da lafiya.

Da wannan sai hanya ta buɗe. Za a sayar da filin Janguza a ba mata uku miliyan bibbiyu. Ƙanena ya ɗauki gona a miliyan 3, a cika masa miliyan ɗaya. Ya ɓata rai, ya ce shi me zai yi da gona, Baffa ya ce ya sayar in ya ga dama, tasa ce. Mu da muka rage, kashi 11, muka riƙe gida da ragowar miliyan ɗaya. Ƙasar sashen marayu aka yi mata kuɗi miliyan 2 da dubu 200, wato dubu 200 a kan kowane kashi. Malam ya karanta aya ta 8 a surar, wadda ta ce in dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu daga ciki a kuma gaya musu magana mai daɗi, sannan ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce ya bayar. Da aka zo kan Auta ta yi saurin cewa ita ma ta bayar, Malam ya yi murmushi ya ce tata kyautar ba ta karɓuwa tukuna, ita ma marainiya ce, kuma babu mai ikon yin kyauta da dukiyarta, ko uwarta. Ni da Yaya muka biya mata dubu ɗari-ɗari daga abin da ya zo hannunmu, aka rubuta.

Zaure da rijiya na sa su a takarda da kaina: ba za a rushe ba, ba za a toshe ba, sai duk masu gida sun yarda. Na san takarda ba ta ɗaure jikoki. Na dai rubuta.

Ƙananan kaya ba su ɗauki lokaci ba, duk da Malam har buta sai da ya sa aka yi wa kuɗi. Rediyon Baba, wanda yake jin labaran asuba da shi, Yaya ya saye shi daga cikin gadon ya kai wa Baba Tela. Na rubuta komai da Hausa, aka buga, kowa ya sa hannu, Hajiya da Umma suka dangwala yatsa, mai unguwa ya buga hatimi, kowa ya karɓi kwafinsa. Filin ya sami mai saye cikin mako uku, muka biya la'adar dillali daga aljihunmu mu maza uku don kada rabon mata ya ragu.

Ƙanena ya fita daga zaman bai yi wa kowa sallama ba, kuma ya ɗauke ƙafa daga gidan. Niyyarsa ya sayar da gonar ya haɗa ya sayi adaidaita. Kafin ya sami mai saye aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, fasinja suka koma tafiya a ƙafa. Sai labari muka ji wai an gan shi a ƙauye da buhun taki. Da babbar Salla ya zo ya gaida Umma a tsaye, bai shiga zaure ba.

A ƙarshen Satumba, wata Laraba da yamma, na dawo daga makaranta na tarar da buhun gero biyu a jingine a zaure. Yaran suka ce wani mai mota ne ya sauke, ya ce daga Bichi, bai bar wani saƙo ba. Aka shigar da su tsakar gida. Umma ta kwance bakin ɗaya ta damƙo tana dubawa, ta ce sabon gero ne, ko sheƙewa ba a gama yi da kyau ba. Ni kuwa har na laluba aljihu na ciro biro, ina tambaya ko kashi nawa za a yi.

Hajiya ta ce, "Kai, mayar da bironka." Ta kira babban yaron nan ta ce ya ɗauko kwanon awo, ya fara kai wa uwarsa biyar, ya kai gidan Tela uku, sannan ya dawo ta gaya masa sauran gidajen.